Ƙofofin Baƙo a Wuro Kellu

Azare,
6 ga Mayu.

Zuwa ga Baffa Malam Babayo, Wuro Kellu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya idon naka, yaya kuma ƙafafun Goggo Gumsu? Na san ka ce waya ba ta shiga kunnenka, shi ya sa na nemo biro. Mamman direba zai kawo maka wannan ranar kasuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, kada ka ɗauko jan biron nan naka na zamanin hedimasta.

Baffa, mun zauna da ƙannena mun yanke shawara a kan gidajen nan uku da ke jere, waɗanda marigayi Baba ya bari a ƙauye. Shekara talatin da biyar ke nan ba wanda ya kwana a cikinsu, garin ma ya watse, jama'a sun koma bakin titi. Mun sami mai saye. Sunansa Azuka, mai shagon kayan gini a nan Azare, mutumin kirki ne, ya haura shekara ashirin a garin nan. Yana so ya noma shinkafa a fadamar, gidajen kuma su zama wurin ajiya da wurin hutawa shi da iyalinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, in gyara wurin kafin ya karɓa.

Ya tambaye ni tarihin garin, na tsaya ina kame-kame. Har Baba ya rasu bai taɓa ba mu labarin Wuro Kellu ba, in an ambaci sunan ma sai ya ɗauki buta ya fita. Ni kuwa sau uku na taɓa zuwa, duka da rani. Ka rubuto mini abin da ka sani, ko ciniki ya ƙara armashi.

Ka gaida Goggo. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Najmuddeen Abdulrahim.

Wuro Kellu,
13 ga Mayu.

Zuwa ga ɗana Najmuddeen.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, na karanta ta da ido ɗaya, wanda ya rage yana aiki. Ban ɗauko jan biro ba, amma na ga wurare huɗu da ka manta lanƙwasar ƙa, na bar ka da Allah.

Gidaje naku ne, ba zan hana ku sayarwa ba, ko da yake raina bai so ba. Tarihi kuwa zan ba ka, sai dai ka makara da kwana biyu. An yi ruwan farko shekaranjiya. Daga wannan rana har a yanke gero, akwai sunan da mutanen garin nan ba sa faɗa kuma ba sa rubutawa, domin wanda ya ambace shi ya kira shi. Muna ce masa Baƙo. Na ɗauka ubanka ya gaya maka wannan, ko da bai gaya maka komai ba.

Ga abin da muka ji daga kakanni. Kellu bazawara ce, ta fito daga gabas da shanunta kaɗan, ta kafa bukka a nan. A lokacin akwai tungaye biyu a kudu da ita, masu katanga da mutane. Wata rana da tsakar damina sai ga wani mutum ya taso daga kudu, ba takalmi, da doguwar riga tana jan ƙasa, gefenta sharkaf. Ya tsaya a tunga ta farko ya ce a ba shi hanya ta cikin gida ya wuce. Suka ce ya zagaya. Ya je ta biyu, su ma suka ce ya zagaya. Da ya zo wurin Kellu, ta ce ita ba ta da abin saukar baƙo, amma hanya ba ta gagare ta ba. Ta yanke zanarta ta ƙasa, wuri huɗu ta kudu inda zai shiga, wuri uku ta arewa inda zai fita. Ya shiga, ya kwana bakwai a tsakar gidanta iya ƙwauri, ya wuce. Ya bar mata kifi a bakin murhu da baƙar ƙasa a gona. Tungayen nan biyu kuwa, yau ko tubalinsu ba a gani.

Tun daga nan muke da alkawari biyu da shi. Na farko, ba a rufe masa ƙofa. Na biyu, ba ya tarar da garin babu kowa. Saboda wannan na biyun Goggonka, wato yayarmu Adda Gumsu, ta ƙi komawa bakin titi, ta ce ita ce za ta yi masa sannu da zuwa har ranar da za a ɗauke ta a makara. Ba kowace shekara yake shigowa ba. Rabonsa da mu shekara goma sha ɗaya, kuma ni wannan jinkirin ba ya kwantar mini da hankali.

Gyara duk abin da za ka gyara, amma ka bar wa Baƙo ƙofarsa. Ka gaya wa mai sayen haka.

A farkon wata mai zuwa zan tafi Katagum gidan ɗiyata Rukayya, daga can za a kai ni aikin ido. Can za ka riƙa aiko mini. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka,
Babayo.

Azare,
8 ga Yuli.

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya jiki? Rukayya ta ce an yi aikin lafiya, Allah ya ƙara sauƙi.

Labarin Kellu ya yi daɗi. Na ba Oga Azuka shi a taƙaice, na ce masa garin mutanen karamci ne, tun kaka da kakanni ba sa mai da baƙo. Ya ji daɗi sosai, ya ce shi ma baƙo ne aka karɓa a Azare.

An gama aiki, alhamdu lillahi. Na kawo Maikuɗi magini da mutanensa daga nan. Mun rushe tsofaffin katangun ƙasar nan, mun zagaye gidajen uku da katanga ɗaya ta bulo, mai ginshiƙai da rodi, ta fi tsayin mutum. In ka gan ta ba za ka gane wurin ba. Manyan rariyoyin nan da ke gindin tsohuwar katanga ba mu maido su ba, don akuya ma tana wucewa ta ciki, kuma matar Oga Azuka tana tsoron maciji. Maikuɗi ya sa bututu ɗaya saboda ruwan sama.

Maganar ƙofar baƙo kuwa, ka kwantar da hankalinka. Zauren yana nan yadda yake, har na sa masa sabon kyaure na ƙarfe, kuma Oga Azuka ya yi alkawari duk wanda ya yi sallama zai sami tabarma da ruwan sha. Goggo ta dogaro sanda ta zo har wurin aikin tana ta faɗa wa magina su bar wa baƙo ƙofa. Maikuɗi ya kama hannunta ya kai ta ta shafa kyauren, ya ce, “Hajiya, wannan ai ko mota za ta shiga.” Ta juya ta koma gida. Na lura gani nata ma ya yi rauni. Tunda gidanta yana manne da katangar ta kudu, yanzu ta sami kariya daga iska.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Najmuddeen.

Katagum,
9 ga Agusta.

Ɗana Najmuddeen.

Salamun alaikum. Ina lafiya, idon ya buɗe. Takardarka ta yi wata guda a ƙarƙashin matashina, domin likita ya hana ni karatu, ni kuma ban taɓa yarda wani ya karanta mini wasiƙa ba. Wannan taurin kai nawa ne, kuma yau na yi nadamarsa.

Na karanta ta sau uku. Najmuddeen, ba zaure nake nufi ba. Baƙon da nake gaya maka ba ya sallama, ba ya zama a tabarma. Abin da ka kira rariyoyi su ne ƙofofinsa, huɗu ta kudu, uku ta arewa. Gidajen ubanka a kan hanyarsa suke zaune, ta cikinsu yake ratsa garin. Yanzu ka gina masa bango a gaba, kuma abin da ke gindin bangon nan ta wajen da zai fito shi ne ɗakin Adda Gumsu.

Na aika Rukayya ta tambayi masu zuwa daga can. Sun ce tururuwa tana kwashe ƙwanta tana hawa kukar masallaci, a kan itace, abin da ban gani ba sai sau biyu a rayuwata. Sun ce kwaɗi sun yi shiru tun makon jiya. Masunta sun janye komarsu daga gaɓa sun kai kan tudu. Na roƙi samarin bakin titi su je su fasa, suka ce ba za su taɓa katangar wani ba sai mai ita yana tsaye, kuma ban ga laifinsu ba. Na aika a ɗauko Adda, ta ce a gaya mini ni ne na tafi gyaran ido, ita ba inda za ta.

Ka ɗauko magininka ku buɗe ƙofofin nan bakwai a cikin makon nan. Ba shawara nake ba ka ba.

Baffanka,
Babayo.

Azare,
16 ga Agusta.

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Na ji daɗi ido ya buɗe, Allah ya ƙara lafiya.

Baffa, ka gafarce ni, amma zan faɗi gaskiya. Kai ne ka koya wa rabin yaran yankin nan karatun boko, kai ne kake hana mu camfi muna yara in ka zo Azare. Yanzu kuma kana so in je in fasa sabuwar katanga wuri bakwai saboda wani mai doguwar riga da ba wanda ya taɓa gani. An riga an sa hannu a takarda gaban shaidu, wuri ya zama na Oga Azuka, har an yi fenti. Da wane baki zan ce masa akwai aljani mai hanya ta cikin gidansa? Zai ce mun sayar masa da wuri mai matsala mun ɓoye, sunana ya ɓaci a kasuwa. Ban gaya masa ba, kuma ba na jin zan gaya masa.

In hankalinka bai kwanta ba, zan sa a yi saukar Alƙur'ani a zauren, a yanka akuya a yi sadaka. In kuma ruwan sama kake jin tsoro, bututun Maikuɗi ya isa, na ga yadda yake aiki.

Goggo kuma, da zarar damina ta wuce zan zo da kaina in lallashe ta ta dawo wurinmu. Gobe zan tafi Misau kan wani fili, zan yi kamar mako guda, wurin ba sabis sosai.

Kada ka yi fushi da ni. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Najmuddeen.

Katagum,
24 ga Agusta.

Najmuddeen.

Salamun alaikum. Rukayya ta kira wayarka har ta gaji, ba ta shiga. Na ce wa Mamman ya kai wannan gidanka, in bai same ka ba ya kai shagon mai sayen, kada ya dawo mini da ita.

Ba aljani ba ne. Shekarata saba'in da huɗu ban taɓa rubuta wannan kalma a cikin damina ba, amma ga ta: kogi ne. Kogin da ka gani da rani ya zama yashi, har ka yi tafiyar rabin awa kafin ka kai gaɓarsa. Shi ne Baƙo. To, na ambace shi. In kira ne na kira, Allah ya ɗora mini ni kaɗai.

Ka ce ni na hana ku camfi. Gaskiya ne. Ban sani ba ko Kellu ta taɓa ganin mai doguwar riga. Abin da na sani shi ne in ya cika yana tasowa ta kudu, ya bi ta kwarin da gidajen ubanka suke, ya faɗa fadamar arewa. In ya sami hanya, iya ƙwauri yake tsayawa, mu ɗora kaya a kan gado mu jira shi ya wuce. In bai samu ba, taruwa yake yi a gindin bango yana hawa.

Yanzu zan gaya maka abin da ya sa ubanka yake ɗaukar buta. Kana da yaya, sunanta Mairo. Kafin a haife ka da shekara biyu, ubanka Abdulrahim ya toshe ƙofa ɗaya tak daga cikin bakwai ɗin, da laka, saboda kaza tana fita ta nan kare yana kamawa. Ni na riƙe masa kwaryar ruwan kwaɓin, muna dariya. A shekarar aka yi cika. Da hantsi ne, rana tana haske, mata suna ɗora tukwane a kan rumbu. Katangar ta jiƙe ta gefen da aka toshe, ta kwanta gaba ɗaya. Mairo tana gindinta tana wasa, shekararta uku. Adda Gumsu ce ta tono ta da hannu. Bayan sadakar bakwai ubanka ya kwashe uwarka ya tafi Azare, ya sa muka rantse ba za mu gaya wa 'ya'yan da zai haifa ba. Yau na karya rantsuwa biyu a takarda ɗaya.

Waccan ta laka ce, ta faɗi ta ba shi hanya. Taka ta bulo ce da rodi, ba za ta faɗi ba. Zai taru a bayanta, kuma ɗakin Adda na ƙasa ne.

Jiya ya haura gonakin kudu. Mota ba ta kaiwa yanzu, sai kwale-kwale. Ka zo da guduma babba. Ka saurare ni da kyau a nan: ka fara da uku na arewa, sannan huɗu na kudu. Kada ka buɗe masa shiga kafin ka buɗe masa fita, in ba haka ba gidan zai zama randa kai kana ciki, kuma wancan kyauren ƙarfen da kake yabo, kamar kowane kyauren zaure, ciki yake buɗewa, ba zai motsa ba.

Ina jin tsoro, ɗana. Ban taɓa gaya wa yaro haka ba.

Baffanka,
Babayo.

Azare,
26 ga Agusta.

Baffa,

Assalamu alaikum. Yanzu na dawo, na tarar da takardarka a shagon Oga Azuka. A gabansa na karanta, sannan na karanta masa duka, har da ta farko. Da na gama, ya shiga ciki ya fito da guduma biyu.

Mun kama hanya. Ba za mu biyo ta wurinka ba, lokaci ya ƙure. Na riƙe: arewa tukuna, sannan kudu.

Ban san ina da yaya ba. Ka yafe mini, ka yi mana addu'a.

Ɗanka,
Najmuddeen.

Bakin titin Wuro Kellu,
29 ga Agusta.

Zuwa ga Baba Malam Babayo.

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni ne Azuka, wanda ya sayi gidajen. Ba mu taɓa haɗuwa ba, ka yi haƙuri da Hausata a rubuce.

Baba, da an karanta mini takardarka ta farko tun watan Mayu, da ba a yi wannan katanga ba. Ni ma a bakin babban ruwa aka haife ni, mu ma muna da sunan da muke kiransa da shi. Ban riƙe Najmuddeen a zuciya ba, bai sani ba ne.

Mun iso nan ranar Talata da azahar. Masunci ɗaya ne ya yarda ya tura kwale-kwale, ya ce mutum ɗaya zai ɗauka. Najmuddeen ya ce shi ya gina, shi zai je. Masuncin ya ce da suka isa, Baƙo ya riga ya kai gwiwa a gindin katangar, bangon ɗakin Hajiya Gumsu ya fara jiƙewa, ita kuma tana zaune a kan gado ta ƙi fita. Najmuddeen ya tsaya ya dubi ɗakin, sannan ya haura katangar da gudumar. Igiyar ruwa ta hana masuncin tsayawa, ya juyo.

Kwana uku ba wanda ya iya ƙetarawa. Yau da safe masuncin ya zagaya daga nesa, ya dawo ya gaya mini abin da ya hango. Ɗakin Hajiya yana tsaye, ruwa ya sauka daga jikinsa, kuma hayaƙi yana tashi daga madafinta. Ƙofofin kudu duka huɗu a buɗe suke, Baƙo yana shiga. Na sa ya sake faɗa mini na arewa sau biyu. Ya ce ɗaya kawai ya gani a buɗe.

Ya kira sunan Najmuddeen, ƙarar ruwa ta hana shi jin ko an amsa. Gobe in Allah ya yarda zan shiga kwale-kwalen da guduma ta biyu.

Baba, kai ka san wurin. Ƙofar fita ɗaya za ta isa?

Naka cikin girmamawa,
Azuka.